Jakunkunan Iska a Motar Kompadre

Ranar Laraba da hantsi Nicanor Búrquez ya shigo garejin Baldomero Durazo da farar a-kori-kurarsa, da wani ƙaton kwali a baya. Baldomero ya fito daga ƙarƙashin motar da yake gyarawa, ya goge hannu sau biyu kafin ya miƙa, domin wannan ba mai kawo gyara ba ne kawai. Shekara ashirin da shida da suka wuce, Nicanor ne ya riƙe ɗan Baldomero, Eliseo, a coci aka zuba masa ruwan baftisma. Tun daga ranar suka zama kompadre, suka daina ce wa juna kai, sai ku, duk da cewa tare suka yi satar lemo a lambun fada, limamin cocinsu, suna yara. A garinmu Cumpas mutum yana iya zagin ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya da safe, da rana su ci abinci kwano ɗaya. Kompadre kuwa ba a ɗaga masa murya, ba a hana shi abin da ya roƙa, ba a kuma tambayarsa dalili.

Aka gaisa. Aka tambayi matan gida, aka tambayi shanu, aka yi ƙorafin sama da ta ƙi zubar da ruwa wata tara ke nan. Sannan Nicanor ya buɗe kwalin. Jakunkunan iska ne guda biyu na baƙar roba mai kauri, irin waɗanda ake sa wa a bayan mota su taya sifirin ɗaukar nauyi, tare da ƙarafunan ɗaure su, da naɗin siririn tiyo, da ɗan famfo mai aiki da batir. Ya ce tirelar shanu tana danne bayan motar har fitilun gaba su koma haska saman itatuwa. Wannan kam gaskiya ne. Baldomero da hannunsa ya ɗaura wa motar ƙugiyar jan tirela shekara uku baya, dunƙulen ƙarfe a tsakiyar bodi da faranti biyu masu kauri da suka kama casis, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, hagu da dama.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba wanda zai sake tuna ta. Sai Nicanor ya cire sabuwar hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga ciki, ya miƙe hannu iya tsawonsa yana ƙanƙance ido.

"Kompadre, ga yadda nake so ku yi mini. Kowace jaka da tiyonta da bawul ɗinta na hura iska, kada a haɗa su. Bawul ɗin kuma a fito da su ta ramin ƙusoshin lamba, yadda wanda ya duba zai ɗauka ƙusoshi ne. A ɓare duk wata takardar kamfani. Ƙarafunan a shafa musu baƙin fenti marar ƙyalli."

Ya naɗe takardar ya mayar cikin hula, ya sauke numfashi kamar wanda ya gama biya karatu.

To, Nicanor Búrquez ya san saniya tun daga ƙaho har wutsiya, amma bai san bambancin bawul da marfin kwalba ba. In motarsa ta mutu a hanya, buɗe boneti yake yi ya riƙe ƙugu yana kallon injin, ko zai ji kunya ya tashi. Duk abin da ke jikin mota suna ɗaya gare shi a bakinsa, abin nan. Yaushe wannan mutumin ya koyi fenti marar ƙyalli?

Baldomero ya san masu neman irin wannan aiki. Mai jan tirelar shanu nauyinsa a tsakiya yake sauka, kan dunƙulen ƙarfen nan. Tiyo ɗaya da bawul ɗaya sun ishe shi, kuma a fili yake son bawul ɗin, inda hannu zai kai ba sai ya durƙusa ba. Wanda ke raba tiyo biyu, kayansa ba a daidaice suke zama ba, so yake ya ƙara wa gefe ɗaya iska har motar ta miƙe kamar ba ta ɗauki komai ba. Wanda kuma ke ɓoye bawul, akwai idon da yake ɓoye wa. Sojojin da ke shingen hanyar arewa, kafin a shiga Agua Prieta da ke bakin iyaka, ba kowace mota suke buɗewa ba. Tsayuwar mota suke karantawa tun daga nesa. Wadda bayanta ya zauna alhali ba a ga kayan kirki a bodinta ba, ita ake yi wa nuni da hannu ta koma gefe.

Ya sani ne domin ya taɓa yi. Shekara goma sha biyu ke nan da ƙaninsa Isidro ya kawo masa irin wannan kwali da irin wannan bayani, ya yi masa aiki mai kyau bai tambayi komai ba. Sau shida Isidro yana wucewa lafiya. A na bakwai kare ya shinshino haramtaccen kayan da ke ɓoye a motarsa. Har yau yana ɗaure can ƙetaren iyaka, uwarsu ta rasu ba ta sake sa shi a ido ba. Tun daga nan Baldomero ya yi rantsuwa gaban hoton Budurwa Maryamu da ke rataye a garejin, cewa hannunsa ba zai ƙara taɓa motar irin wannan kaya ba.

Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne direban. Idon Nicanor ya yi rauni, shekara biyu ke nan ba ya tuƙi in ba zuwa cikin gari ba. Mai tuƙa masa motar zuwa ko'ina Eliseo ne, ɗan Baldomero namiji tilo, wanda ke kiran Nicanor nino kamar yadda kowa ke kiran wanda ya riƙe shi ranar baftisma. In aka tsayar da farar motar nan a shinge, ba mai sabuwar hula za a fito da shi a kwantar kan kwalta ba.

"Yaushe kuke buƙatarta?" in ji Baldomero.

"Asabar da sassafe Eliseo zai kai mini maruƙa Agua Prieta. In an samu ta fito ranar Juma'a, madalla."

"Za a yi, kompadre."

Iyakar abin da bakinsa ya iya ke nan. Nicanor ya ajiye masa cuku da kwalbar giyar bakanora a kan tebur, ya taka zuwa bakin kasuwa neman mai rage masa hanya.

Baldomero ya ɗaga motar, ya cire tayoyin baya, ya shiga ƙasa da fitila. Abin da ya gani bai kwantar masa da hankali ba. Robobin da ke tare ƙafar mota kada ta doki casis sun lotse, ta hagu har ta tsage, ta dama kuwa da sauranta. Tirela ba ta cin gefe ɗaya ta bar ɗaya. Ya duba takardar da shi kansa ya manna a jikin ƙofa ranar da ya juye mai, ya duba mita. Cikin wata biyu motar ta ci hanyar da ta isa a je Hermosillo a dawo sau goma. Mutumin da fari ya sa ya sayar da rabin garkensa, ina yake aika mota haka? Kuma ina ya samo kwalin nan, da ba a ganin irinsa sai an haura Arizona?

Daga nan sai abubuwan da da bai ɗauke su a bakin komai ba suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ranar gashin nama a gidan Amparo, matar Nicanor, mai gidan ya tashi daga tebur ya je bayan rumbu amsa waya. Wani Lahadi bayan an fito coci ya daɗe yana magana da wani baƙo mai gilashi. Ga kuma hular. Mutumin da ya shekara goma sha biyar da hula ɗaya, har zufa ta zana mata taswira, rana tsaka ya wayi gari da sabuwa. Da zargin ya gama shigarsa, har numfashin da Nicanor ya sauke bayan karanta takardar sai da ya juya shi ya duba.

Amma hannunsa bai tsaya jiran zuciyarsa ba. Aikin da wahala, don farantan ƙugiyar sun cinye daidai wurin da ƙarfen saman jakar zai zauna. Wani bakanike da sai ya ɗauko inji ya huda casis, amma ba a huda casis ɗin motar da ke jan shanu goma sha biyu a hanyar dutse. Ya kwance noti bibbiyu na farantan, ya nemo ƙusoshi masu tsawo, ya sa ƙugiya da jaka suka yi tarayya a rami ɗaya. Ta hagu ya kauce wa tiyon burki. Ta dama ya lanƙwasa gwangwani ya kare jakar daga zafin bututun hayaƙi. Yana ɗaurewa yana tsinar aikin, kuma duk notin da ya ɗaure sai ya koma ya sake gwada shi.

Da rana matarsa Ofelia ta ga yana juya wake a faranti bai kai baki ba, ta matsa masa har ya faɗa. Ta ce Nicanor ai mutum ne kamar kowa, ba waliyyi ba ne, ya wanke ƙafa ya je ya tambaye shi. Ya ce ta sani sarai ba a yi. In ya tambaya kuma ya zamana ba haka ba ne, da wane ido zai sake kallonsa? Ta ce ƙila ma a waya ya ga wani ya yi haka ya burge shi, tsofaffin yanzu duk sun zama injiniyoyi.

"To ka tambayi ɗanka," in ji ta, "ko shi ma kompadrenka ne?"

Da la'asar sakaliya Eliseo ya dawo, ƙato mai faɗin ƙirji da dariya a kusa, ya sumbaci goshin uwarsa, ya zauna ya fara naɗe busasshen nama da ƙwai cikin tortiya, siririyar gurasarsu, ɗaya bayan ɗaya. Baldomero ya bari sai da ya kai ta huɗu.

"Ninonka, ina yake aikenka da motar nan haka?"

"Wurin dusa, wurin gishirin shanu, wurin likitan dabbobi. Ka san shi, Baba, sai an dawo ya tuna abin da ya manta."

"Raba tiyon nan fa? Wa ya koya masa?"

Eliseo ya ɗaga kafaɗa, baki cike. "Ni direba ne. Nino ya ce, ni kuma na yi."

Baldomero ya dube shi. Ƙato ne mai gemu a gabansa, amma abin da zuciyarsa ta nuna masa shi ne yaron da ya taɓa kwana biyu yana kuka don an yanka akuyarsa. Tausayi ya kama shi, bayan tausayin kuma fushi ya biyo, mai zafi, irin wanda bai taɓa yi da Nicanor ba. A ce mutum ya ɗauki ɗan da aka danƙa masa a gaban fada, ya ɗora shi kan kayan da bai ma san da su ba. Ya ƙudurta a ransa cewa motar nan ba za ta je arewa ranar Asabar ba. Sai dai ba zai iya cewa ba zai yi aikin ba, ba kuma zai iya faɗin dalili ba.

Ranar Alhamis ya gama komai. Fenti ya bushe, ya ɓare takardun kamfani, bawul biyu sun leƙo ta ramin lamba, in ba ka durƙusa ka taɓa ba ba za ka ce ba ƙusoshi ba ne. Saura haɗa tiyo. Siririn tiyon nan da reza ake yanka shi, a miƙe, sara ɗaya, sannan a tura shi cikin mahaɗinsa ya kama. In aka datse shi da filaya, bakin yakan matse ya karkace. Zai shiga, zai kama, har ya riƙe iska da farko, amma da mota ta fara girgiza sai ya riƙa sakin numfashi a hankali, ba ƙara, ba alama. Na dama ya yanka da reza. Na hagu ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ajiye rezar ya ɗauki filaya.

Ya san lissafinsa. In motar ba kaya, jakar za ta kai yini da kwana kafin ta kwanta. In da nauyi a kai, awa uku ne, in ta yi ƙoƙari huɗu. Juma'a da safe za a kai motar gona ta hanyar nan mai gargada. Asabar kafin a rataya tirela za a tarar gefen hagu ya zube. Dole a dawo masa da ita, shi kuma ya girgiza kai ya ce kayan ne ba su da kyau, sai an aiko da wani mahaɗi daga ƙetare, mako uku ko huɗu. Kafin nan zai kira ɗan'uwan Ofelia mai shagon taya a Hermosillo ya samar wa Eliseo aiki. Ba wanda zai ji kunya, ba wanda za a tambaya komai.

Ya fesa ruwan sabulu a mahaɗin kamar yadda ya saba. Sai da ya ƙirga ashirin kafin wani ɗan kumfa ya taso, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya share shi da babban yatsa. Shekara talatin da biyar yana wannan sana'a, bai taɓa sallamar mota ya san da aibi a jikinta ba, kuma yau ta kompadrensa ya fara yi wa. Bai iya buɗe kwalbar bakanorar ba, ya tura ta bayan gwangwanayen mai.

Juma'a da ƙarfe bakwai Eliseo ya zo ɗaukar motar. Ya zagaya ta, ya durƙusa bayan lamba ya shafa bawul ɗin, ya yi fito. Ya ce ko a Tucson ba za a yi aikin da ya fi wannan ba. Ya tambayi iyakar iskar da jakar za ta iya ɗauka, ya ce nino ne ya ce ya tambaya. Baldomero ya faɗa masa ba tare da ya dube shi ba. Eliseo ya jefa ɗan famfon bayan kujera, ya dafa kafaɗar ubansa, ya ja mota ya fita.

Ya kamata a ce hankalin Baldomero ya kwanta, amma ina. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya kwance abin da bai lalace ba a motar malamin makaranta. Abin da ke cinsa shi ne, ko da Nicanor mugu ne, shi ma yanzu ya zama mai cin amana ta ƙarƙashin mota, inda ba a gani. Gara a ce ya karya al'ada a fili da ya zauna da wannan. Wajen ƙarfe goma ya wanke hannu da fetur da sabulu, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tayar da tsohuwar motarsa.

Da ya shiga gonar, tirela ya fara gani ƙarƙashin itace, an wanke ta, an shimfiɗa mata ciyawa. Ga maruƙa a shinge, ramammu, an ware su don tafiyar gobe. Nicanor yana zaune a baranda da kofin gahawa. Farar a-kori-kura ce kawai babu.

Aka gaisa, Amparo ta kawo kofi na biyu ta koma ciki. Baldomero ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Kompadre, ku gafarce ni. Zan yi abin da ba a yi. Me kuke ɗorawa a motar nan da ba ku so a gani?"

Nicanor bai yi fushi ba, kuma wannan ne ya fara tsorata Baldomero. Ya ajiye kofinsa a hankali. Sannan ya cire hula, ya zaro takardar, ya miƙa masa.

Baldomero bai buƙaci karantawa ba. Ya san rubutun, ya san yadda mai shi ke kwantar da haruffa baya kamar iska na tura su. Malamai uku sun yi fama da shi a kan haka a firamare.

Nicanor ya yi magana a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce Eliseo ne ya kawo kwalin, ya ce wani abokinsa ne ya ba shi. Shi ya rubuta takardar, ya ce haka ake ɗaura wa motar da ke da ƙugiya, amma Babansa ba ya karɓar gyara daga bakin ɗansa, in nino ne ya faɗa kuwa ba zai musa ba. Hular ma shi ya kawo masa ranar bikin haihuwarsa. Nicanor ya ce idonsa ya mutu amma shi ba wawa ba ne. Ya daɗe yana ganin ana fita da tanki cike a dawo da shi cike, alhali tayoyi suna cinyewa. Baƙon nan mai gilashi a bakin coci, tare shi ya yi yana tambayar inda direbansa yake, shi ma bai san shi ba.

"Me ya hana ku faɗa mini?" in ji Baldomero.

"In zo gidanku in ce ɗanku kaza? Da wane bakin?" Nicanor ya juya hular a hannunsa. "Shi ya sa na karanta muku takardar da kaina, ina kallon fuskarku. Na ce ku ne masana mota, in da wani abu a ciki za ku ce a'a. Sai kuka ce za a yi. Na koma gida na ce wa Amparo, ko dai ba komai, ko kuma da saninku ake yi."

"Don ku ne na yi shiru."

"Ni ma don ku ne."

Suka zauna, dattawa biyu da furfura, kowa ya gane yadda yaron da suka yi rainonsa tare ya auna su ya san daidai inda ladabinsu zai rufe musu baki. Baldomero ya ji kunya, ya ji ciwo, amma bai samu lokacin zama da su ba, don wata tambaya ta taso ta danne komai.

"Ina motar yanzu?"

Nicanor ya ce ƙarfe takwas Eliseo ya biyo, bai ko kashe inji ba. Ya ce Babansa ya ce a gwada jakunkunan a doguwar hanya kafin a ɗora musu shanu, zai je Nacozari ya dawo. Amparo da ke shanya ta ga ya juya arewa, ta kuma ga wata mota ruwan toka da ke tsaye a mararraba ta bi bayansa.

Kofin ya kuɓuce daga hannun Baldomero ya faɗi kan siminti. Ba Asabar ba ce tafiyar. Yau ce, kuma ba tirela a ciki.

Ya faɗa wa Nicanor abin da ya yi da filaya, bai rage komai ba. Ya ce motar da bayanta ya zauna gaba ɗaya, soja yana iya cewa sifirin ne ya gaji ya bar ta ta wuce. Amma wadda gefe ɗaya ya miƙe, ɗaya ya zube, ko makaho ya san da abu a cikinta. Ya ce Eliseo ba zai ji komai a sitiyari ba sai abin ya yi nisa, kuma ko ya tsaya ya ƙara iska, ƙara tsage bakin tiyon zai yi. Bayan soja kuma akwai masu motar ruwan toka, waɗanda in kaya ya faɗa hannu ba sa tambayar laifin wa ne.

Nicanor bai ce kun cuce ni ba, bai ce komai a kan motarsa ba. Ya ce a kira Eliseo. Baldomero ya kira sau uku, wayar a kashe. Ya san dama haka za ta kasance, Isidro ma kashewa yake yi.

Ya duba agogo, goma da minti arba'in. In a wajen Nacozari aka yi lodi, nauyi ya hau jakar tun wajen tara da rabi. Abu ɗaya ne ya rage masa, shi ma daga Isidro ya koye shi: masu irin wannan kaya ba sa isa shinge da safe. Sukan laɓe a wani lungu su jira rana ta take, layi ya yi tsawo, zafi ya kori kowa inuwa. In haka ne, Eliseo yana wani wuri tsakanin Nacozari da shingen, yana jira, iska tana fita ƙarƙashinsa.

Ya je ya buɗe bayan tsohuwar motarsa ya birkita akwatin kayan aiki. Ga ragowar tiyon, ya jefa shi ciki jiya don kada ya riƙa ganinsa a gareji. Ga reza. Ya sa su a aljihun rigar cocin. Ya tuna rantsuwarsa gaban hoton, ya tuna ta sarai, ya rufe akwatin.

Kafin ya zagayo, Nicanor ya riga ya zauna a kujerar gaba ya ja ƙofa. Amparo ta fito da gudu tana tambaya, mijinta ya ce mata ta ba maruƙa ruwa. Suka fita daga gonar, suka hau kwalta, suka juya arewa. Tsohuwar motar tana kuka tana rawa, Baldomero ya taka ta iya ƙarfinta.

Sai da suka wuce gada ta biyu Nicanor ya yi magana.

"In mun same shi, kompadre, gyara masa za ku yi ya wuce, ko fito da shi za mu yi?"

"Ban sani ba."

Da gaske bai sani ba. In ya fito da shi, masu kaya ba za su bar su ba. In ya gyara, shi da hannunsa ya raka ɗansa hanyar Isidro. Abin da kawai ya sani shi ne leɓunansa suna motsi tun da suka hau kwalta, kuma da ya saurari abin da suke faɗa, sai ya ji yana roƙon Allah ya sa jiya hannunsa ya kuskure, filayar ta yanka a miƙe, tiyon ya riƙe.

"Ku taya ni duba gefen hanya," in ji shi. "Duk farar motar da kuka ga ta karkata hagu."

Nicanor ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa gilashi, ya ƙanƙance idanun da ba sa ganin abin da ya wuce taku ashirin, ya fara dubawa.